SUNA YA YI GABA, GARI YA KOMA BAYA: LABARIN TUMBUTU DA DAULAR SONGAI

Kowa ya san yadda gara take yi wa dirkar rumfa. Takan shiga ta ƙasa, ta cinye zuciyar icen, ta bar ɓawon waje lafiya lau. Mai wucewa ya duba ya ce rumfar nan da sauranta, har ranar da iskar ruwan farko ta taso ta kwantar da ita. Haka manyan dauloli suke. Ƙarfinsu yakan ƙare da daɗewa, amma sunansu yana nan yana yawo a bakin mutane, har na nesa su riƙa tsammanin abin da suka ji labarinsa yana nan yadda yake.

Ba sai mun tafi Masar ko Rum neman misali ba. Ga shi nan kusa da mu, a bakin kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara. Daular Songai ta faɗi a shekara ta 1591, amma sama da shekara 200 bayan haka Turawa suna ta mutuwa a hanyar neman birninta na Tumbutu, suna zaton za su tarar da gidaje masu rufin zinariya. Wannan labari ya shafe mu, gama wani yanki na ƙasarmu Nijar yana cikin daular, kuma a ƙasar Dandi ne ragowar sarakunanta suka fake.

YADDA SUNAN YA SAMU

Abzinawa ne suka kafa Tumbutu wajen shekara ta 1100, a matsayin zangon rani. Garin yana arewa da kogi da ƴan kilomita kaɗan, yana da mashigin jiragen ruwa a Kabara. Ba a haƙar zinariya a Tumbutu, ba a kuma haƙar gishiri. Zinariya daga kudu take fitowa, daga Bambuk da Bure, daga baya kuma daga ƙasar Akan, cikin Gana ta yanzu. Gishiri kuwa daga Tagaza ake ɗauko shi, can tsakiyar hamada. Tumbutu ita ce mahaɗa, inda raƙumi yake sauke kaya jirgi ya ɗauka. Mu riƙe wannan magana, gama arzikin mahaɗa yana rataye ne ga hanya.

A shekara ta 1324 Mansa Musa, sarkin Mali, ya tafi aikin hajji. Ya sauka Alƙahira da zinariya mai yawa, ya yi ta kyauta da saye-saye har darajarta ta faɗi a kasuwannin Masar. Malamin tarihi Al-Umari, wanda ya bincika labarin bayan shekaru 12, ya tarar ana ta maganar abin. Labari ya ƙetare teku. A 1375 masu zanen taswira na tsibirin Mayorka suka zana hoton sarkin a zaune kan karaga, yana riƙe da dunƙulen zinariya, suka kuma rubuta sunan Tumbutu kusa da shi. Tun daga nan sunan garin ya haɗu da zinariya a zukatan Turawa.

Mulkin Mali ya yi rauni, Abzinawa suka karɓe garin wajen 1433. Sonni Ali Ber, sarkin Songai na Gawo, ya ci shi wajen 1468, ya kuma ci Janne bayan ƴan shekaru. A 1493 Askiya Muhammadu ya hau mulki. Shi ne ya tsara daular, ya naɗa hakimai da alƙalai, ya jawo malamai kusa da shi, har da Shehu Magili, wanda ya ba Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shawara. Ya yi hajji a 1496 zuwa 1497, littattafan tarihi suka ce ya tafi da miskali 300.000 na zinariya. Ya kai yaƙi Agadas sau biyu, na biyun wajen 1515. Alamar wannan zamani ba ta ɓace ba, gama harshen Tasawak da ake ji a Ingal dangin harshen Songai ne.

Girman daular ba ƙarya ba ne. Littafin Tarihul Fattash ya ba da labarin wata gardama da aka yi a Gawo, wasu suna cewa Kano ta fi Gawo girma. Sai samarin garin suka ɗauki takarda da alƙalami, suka bi gida gida suna ƙidaya, suka sami gidaje 7.626, ban da bukkokin ciyawa. A Tumbutu kuwa malamai suna karantarwa a unguwar Sankore, ana kwafar littattafai ana sayarwa da tsada.

A cikin wannan zamani ne wani saurayi mutumin Fas, Alhasan Alwazzan, ya ziyarci Tumbutu. Daga baya ƴan fashin teku suka kama shi suka kai shi ga Paparoma a Rum, inda aka san shi da suna Leyon Ba'afirke. Ya gama littafinsa a 1526, aka buga shi a birnin Banis a 1550. A ciki ya yi bayanin dukiyar sarki, da yawan malamai, da yadda cinikin littattafai ya fi sauran haja riba. Wannan littafi shi ya zama idon Turai a kan ƙasashenmu har kusan shekara 300.

TSAGAR BANGO

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar farko daga cikin gidan sarauta ta fito. Songai ba ta da tsayayyar ƙa'ida ta gadon mulki, kowane ɗan sarki yana ganin shi ya fi cancanta. A 1528 Askiya Muhammadu ya tsufa ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi. Musa bai cika shekara 3 ba ƴan'uwansa suka kashe shi. Daga 1528 zuwa 1591 an yi Askiya 8, alhali Askiya Dawuda shi kaɗai ya ci shekara 33 daga ciki. Bayan rasuwarsa a 1582 ƴaƴansa suka shiga tsakanin juna. A 1588 Balama Sadiku, babban hafsan yaƙi na yamma, ya yi tawaye, mutanen Tumbutu suka goya masa baya. Askiya Isyaku na biyu ya ci nasara, amma ya karkashe hakimai da jarumawan yamma masu yawa. Watau shekara 3 kafin maƙiyi ya iso, daular ta riga ta karya hannunta guda da kanta.

Tsaga ta biyu ta hanyar ciniki ce. A 1482 mutanen Fotugal suka gina ganuwarsu ta Elmina a gaɓar tekun Gana. Zinariyar Akan da take hawowa arewa a kan jakai da kawunan mutane, sai wani kaso nata ya juya kudu, ya shiga jiragen ruwa. Bayan haka kuma azurfa da zinariyar Amurka suka fara kwarara zuwa Turai. Ayarin hamada bai tsaya ba, amma ya daina zama ƙofa guda tilo. Irin wannan rauni ba a ganinsa rana ɗaya. Fatake sukan ji shi a aljihunsu tun kafin fada ta lura.

Tsaga ta uku ta makamai ce. A daidai wannan zamani Mai Idirisa Aloma na Barno ya samo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawa. Sarakunan Songai kuwa suka dogara ga doki da mashi da baka, makaman da suka ci wa kakanninsu ƙasa. Sun kuma dogara ga hamada, suna ganin babu rundunar da za ta iya ƙetare ta. Sarakunan Maroko sun daɗe suna neman kama ma'adinin gishirin Tagaza, har sun kai masa hari fiye da sau ɗaya. Wannan gargaɗi ne, amma a Gawo ba a ɗauke shi da nauyi ba.

RANAR TONDIBI

Sarkin Maroko Ahmadu Almansur ya hau mulki a 1578, ranar da ƙasarsa ta karya rundunar Fotugal. Yana bukatar kuɗi don sojansa da gine-ginensa, ya kuwa ji labarin zinariyar Sudan kamar yadda kowa ya ji. A ƙarshen 1590 ya tura runduna ta mayaƙa wajen 4.000 a ƙarƙashin Judar Basha, haifaffen Sifen. Galibinsu masu bindiga ne. Da yawa sun mutu a hamada, sauran suka iso bakin kogi.

A watan Maris na 1591 aka gamu a Tondibi, arewa da Gawo. Masu jin Zabarmanci sun san ma'anar sunan, watau baƙin dutse. Rundunar Askiya Isyaku ta ninka ta baƙin sau da yawa. Suka koro garken shanu gaba don su tattake maƙiya, amma da shanun suka ji ƙarar bindiga sai suka juyo kan masu su. Kafin rana ta faɗi rundunar Songai ta watse.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Da Judar ya shiga Gawo ya ga fadar Askiya, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Tarihus Sudan ya ruwaito cewa ya aika wa ubangidansa cewa gidan sarkin masu jakai na Marakish ya fi wannan fada kyau. Askiya ya yi tayin miskali 100.000 da bayi 1.000 don baƙin su koma, Judar ya ga tayin ya yi daidai. Almansur ya husata, ya tuɓe shi, ya aiko da Mahmudu Basha a madadinsa. Sarkin yana can nesa, ya fi gaskata suna bisa ga shaidar wanda ya gani da ido. Rijiyoyin zinariya kuwa suna can kudu mai nisa, sojan Maroko ba su taɓa kaiwa gare su ba.

BAYAN FAƊUWA

Ragowar ƴan sarautar Songai suka gangara kudu zuwa Dandi. Askiya Nuhu ya yi shekaru yana yaƙin sunƙuru a dazuzzukan bakin kogi, inda zazzaɓi da ƙudan tsando suka taimake shi a kan baƙin da dawakinsu. Bai mayar da daular ba, amma ya hana su cin kudu.

A Tumbutu, a watan Oktoba na 1593, Mahmudu Basha ya kama manyan malaman garin, ya washe gidajensu. Aka kashe wasu, aka kai wasu Marakish cikin mari. A cikinsu akwai Ahmadu Baba, wanda ya yi hasarar littattafai 1.600, ya kuma ce a cikin danginsa shi ne mai mafi ƙarancin littattafai. Bai komo gida ba sai 1608, ya rasu a 1627.

Almansur ya mutu a 1603, ƴaƴansa su ma suka shiga yaƙin gado, Maroko ta daina kula da abin da ta ci. Sojan da aka bari suka auri matan ƙasa, zuriyarsu ta zama ƙabilar Arma. Su suke naɗa Basha su kuma tuɓe shi, har aka yi Basha fiye da 100, wasu ƴan watanni kawai suka yi. Suka ci gaba da naɗa wani daga gidan sarauta suna kiransa Askiya, yana da rawani da tambari, ba shi da ikon kome. Hanyoyi suka lalace, yunwa da annoba suka yi ta zuwa. A 1737 Abzinawa suka karya Arma a Toya, garin ya koma biyan su kuɗin zaman lafiya. A 1826 Fulanin Masina suka shimfiɗa ikonsu a kansa.

Fatake ba su jiran gari ya warke. Babban ciniki ya karkata gabas, inda akwai kwanciyar hankali: daga Tarabulus zuwa Gadamus da Gat, zuwa Agadas, zuwa Katsina da Kano da Barno. Bunƙasar Katsina a ƙarni na 17 da na 18 tana da nasaba da wannan juyi. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

MASU NEMAN BIRNIN ZINARIYA

Duk wannan bai isa kunnen Turai ba. An fassara littafin Leyon zuwa Faransanci a 1556, zuwa Ingilishi kuwa a 1600, shekara 9 bayan Tondibi. Mai karatu a Landan yana karanta labarin fadar Askiya kamar tana nan, alhali ta riga ta zama kango. Ganimar da aka kwaso zuwa Marakish, wadda ta sa aka yi wa Almansur laƙabi da Mai Zinariya, ita ma ta ƙara wa sunan ƙarfi. Watau dukiyar da aka tsiyata garin da kwashe ta, ita aka ɗauka shaidar arzikinsa.

A 1788 aka kafa wata ƙungiya a Landan don binciken cikin Afirka. Mungo Park ya bi kogin a jirgi, ya wuce mashigin Tumbutu bai shiga garin ba, ya halaka a Busa a 1806. A 1824 ƙungiyar masana ƙasa ta Paris ta sa ladan faran 10.000 ga wanda ya shiga Tumbutu ya komo da labari. Godon Leng, hafsan sojan Ingila, ya isa a watan Agusta na 1826, aka kashe shi a hanyar komawa.

Wanda ya ci ladan wani talakan Bafaranshe ne, Rene Kaye. Ya koyi Larabci, ya sa tufafin Musulmi, ya kira kansa Abdullahi. Ya shiga Tumbutu ranar 20 ga Afrilu 1828, ya yi mako 2. Abin da ya tarar shi ne gidajen ƙasa, da rairayi ko'ina, da kasuwa wadda ba ta kai ta Janne cika ba. Ya ƙiyasta mutanen garin ba su wuce 12.000 ba. Da ya koma ya faɗi haka, wasu suka ce ƙarya yake yi, bai je ba. Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya nemi korar gani.

Bajamushe Bart, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, shi ya tabbatar da maganar. Ya bi ta Agadas a 1850, ya ga Tasawa da Katsina da Kano da Damagaram, ya ƙetare kogi a Sayi, ya isa Tumbutu a watan Satumba na 1853, ya zauna a hannun Shehu Ahmadu Albakkay. Ya ƙiyasta mazaunan garin 13.000, na Kano kuwa 30.000. Ya kuma rubuta cewa kowace shekara ana kai wa Tumbutu kayan saƙar Kano wajen kayan raƙumi 300. A 1854 ya bi ta Gawo, birnin nan mai gidaje 7.626, ya tarar da ƴan ɗaruruwan bukkoki kewaye da kabarin Askiya Muhammadu. Duk da haka, bayan sojan Faransa sun kama garin a 1894, marubutansu suka ci gaba da sayar da littattafai a kan asirin Tumbutu.

ME YA SA SUNA YAKE DAƊEWA?

Dalili na farko, labarin ɗaukaka ya fi labarin lalacewa saurin tafiya. Hajjin Mansa Musa abu ne na shekara guda mai ban mamaki, kowa yana son ba da shi. Raguwar ayari daga shekara zuwa shekara ba ta da mai ba da labarinta.

Na biyu, littafi yakan kwafi littafi. Masana da yawa sun maimaita maganar Leyon ba tare da sun tambayi shekarar da ya ga abin ba. Kowane labari yana da ranarsa, mai karatu na ƙwarai yakan nemi ranar kafin ya gaskata.

Na uku, akwai masu cin moriyar suna. Basha yana bukatar Askiya na jeka-na-yi-ka don talakawa su yi biyayya. Mai neman kuɗin tafiya a Turai yana bukatar birnin zinariya don attajirai su buɗe jaka. Su kansu mutanen da suka sha kaye, tunawa da jiya ita ke rage musu zafin yau. Manyan littattafan tarihin Songai bayan faɗuwar aka kammala su. Abdurrahman Assa'adi ya rubuta Tarihus Sudan wajen 1655, yana duban zamanin Askiyoyi da idon wanda ya tashi cikin kango.

Na huɗu, kuma shi ya fi muhimmanci, sunan yana da gaskiya a cikinsa. Zinariya ta tafi, mulki ya tafi, amma karatu bai mutu ba. Gidajen malamai suka ci gaba da karantarwa, suna adana littattafansu cikin akwatuna daga kaka zuwa jika. Turawa sun zo neman dukiyar da ta ƙare, suka wuce wadda ta saura.

ABIN DA YA SAURA

A 1973 aka buɗe cibiyar Ahmadu Baba a Tumbutu don tattara tsoffin rubuce-rubuce. A 1988 hukumar UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya, ta ƙara da kabarin Askiya na Gawo a 2004, da tsohon birnin Agadas a 2013. Amma wannan girmamawa ba ta tsare garin ba. A 2012 ƴan bindiga suka mamaye arewacin Mali, suka rushe hubbaren waliyyai 14, a farkon 2013 kuma aka ƙone ko aka sace rubuce-rubuce wajen 4.000. Mafi yawan sauran sun tsira ne don mutanen gari sun ɓoye su, suka fitar da su a asirce cikin motoci da jiragen ruwa zuwa Bamako. Maginan garin suka sāke gina hubbaren a 2015, kotun duniya ta Lahai kuma ta ɗaure wanda ya jagoranci rushewar shekara 9 a 2016. Abin da suna ya kasa yi, hannun mutane ne ya yi shi.

To, ƴan'uwa, darasin bai tsaya ga dauloli ba. Akwai kasuwar da ake kiran sunanta har yanzu alhali rumfunanta sun zama na awaki. Akwai gidan malamai da ake rantsuwa da kakansu, jikoki ba su iya karanta abin da ya bari ba. Akwai ma'aikatar da ake yabo saboda aikin waɗanda suka daɗe da barinta. Ga wanda aka ɗora wa jagorancin jama'a, haɗarin shi ne ya saurari maroƙi ya manta da leƙa rumbu. Samarin Gawo da aka yi wa gardama ba su tsaya kirari ba, takarda suka ɗauka suka ƙidaya gidaje. Da manyansu sun yi irin wannan lissafi a kan bindigogin maƙwabta da hanyoyin fatake, wataƙila da labarin Tondibi ya sāke.

Sunan da aka gada kamar rijiyar kakanni yake. Kowa ya san inda take, matafiya suna kwatance da ita, amma idan ba a yashe ta ba kowace shekara, wata rana za a zura guga a jawo rairayi. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da muka gada, ya sa mu ƙara a kansa. Amin.